Cefanen Cikin Birni: Kwandon Kadawa da Gwangwanin Ƙetare

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano, ya kuma fito da hantsi ya bi ɗaya daga cikin lungunan nan da suka ratsa Mandawari da Yakasai, ko waɗanda suka gangaro daga gindin Dala suka nufi Jakara, lalle ya lura cewa a wannan lokaci, bayan yara sun tashi daga karatun allo na safe kuma magidanta sun bar kuɗin cefane sun fita nema, babu inda ya kai ƙofar shagon kayan masarufi cika a unguwa. Akwai irin wannan shago a bakin lungunmu, ɗaki ne guda da aka fasa daga jikin zauren wani tsohon gida, faɗinsa bai fi taku biyar ba. Amma na daɗe da yin itiƙadin cewa wanda yake son ya san halin da birnin nan yake ciki, da abin da yake ci, da inda dukiyarsa take malala, ya isar masa ya zo ya zauna a kan bencin ƙofar shagon nan, ya yi sa'a guda yana kallo.

Daga waje, a ƙarƙashin rumfar kwano, kayan gwari ne shimfiɗe a kan buhu da faifai: tumatir an kasa shi kashi-kashi, tattasai da attaruhu, albasa, ɗanyar kuɓewa, kabewa an tsaga ta ɓari-ɓari, ga alayyafo da yaron shago yake yayyafa wa ruwa lokaci-lokaci don kada ya yi yaushi, a gefe kuma kabeji da karas da latas. Tun da asuba mai shagon ya tafi 'Yankaba ya saro su, ya loda a Adaidaita Sahu, ya shigo da su ta Ƙofar Mata kafin hanya ta cushe. Daga ciki kuwa, tun daga ƙasa har rufi, kantoci ne maƙare da buhuna da kwalaye da gwangwanaye waɗanda ya saro a Kasuwar Singa: shinkafa 'yar gida da 'yar waje, taliya da kuskus, madarar gari da ta ruwa, ganyen shayi, man zaitun, kifin gwangwani, dunƙulen ɗanɗano, tumatirin leda, da dabino iri uku ko huɗu a cikin manyan robobi.

Ina zaune wata safiya sai ga wata yarinya wadda ba ta wuce shekara tara ba, da kwano a ka da kuɗi dunƙule a hannu. Ta yi sallama ta ce, "Baba, wai in ji Inna a ba ta kayan miya na ɗari biyar, a haɗa da daddawa, sukari gwangwani ɗaya kuma a rubuta sai Baffa ya dawo." Mai shagon ya karɓi kwanon ya ce, "To, 'yata. Yaya jikin Innar taki?" Ta ce da sauƙi. Ya duƙa ya zaɓo tumatir, ya juya kowanne a hannu kafin ya jefa a kwano, wanda ya ga ya fara ruwa ya ware shi gefe, ya ƙara tattasai biyu da albasa guda, sa'an nan, bayan an gama lissafi, ya tsinto attaruhu uku ya ɗora a kai ya ce, "Ga gyara, ki ce ina gaishe ta." Ya jawo wani littafi da gefensa ya yi baƙi saboda yawan buɗewa, ya rubuta sukarin a ƙarƙashin sunan gidansu. Duka wannan bai ɗauki minti uku ba, kuma zan dawo kan littafin nan, domin a ganina ya fi duk abin da ke kan kantocin daraja.

Da ciniki ya lafa, na roƙe shi ya bar ni in riƙa ɗauko kaya ɗaya bayan ɗaya ina karanta rubutun da ke jikinsu. Kifin gwangwani daga Maroko, ganyen shayi daga Sin, doguwar shinkafar nan mai ƙamshi daga Indiya, man zaitun daga Sifen, watau ƙasar da malamanmu suka sani da Andalus. Dabino wani daga Madina, wani daga Aljeriya, busasshen kuma daga ƙasar Agadas. Tuffa 'yan ƙwaya goma da ya jera a kwali ya ce a 'Yan Lemo ya samo su, su kuwa daga Afirka ta Kudu aka kawo musu. Har kayan da aka rubuta an yi su a Ikko ko Ota, in ka bi salsalarsu, galibi za ka tarar alkamar da aka yi taliyar da ita, ko garin madarar da aka ɗura a leda, a jirgin ruwa suka zo. Taliyar nan ta yara da ake dafawa cikin minti kaɗan, Indomie, asalinta ma daga Indunusiya ne.

Akwai masu ganin wannan su ce zamani ya lalace, wai Bakano ya bar abincin kakanninsa ya koma wa na baƙi. Ni ban yarda da wannan magana a yadda ake faɗinta ba, domin ta saɓa wa tarihin garin. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma Tarihin Kano ya jingina masa kafa Kasuwar Kurmi, birnin nan yake cin abincin duniya. Kuma wanda yake shakka, ya dubi sunayen unguwanninmu kawai. Alfindiƙi daga kalmar Larabci ta masaukin fatake sunanta ya fito. Dandalin Turawa mazaunin Larabawan Gadamas da Tarabulus ne, a zamanin da kalmar Turawa take nufin su, tun kafin Nasara ya zo ya gaje ta. Ga Zangon Barebari, ga Agadasawa, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa. Kowace al'umma daga cikin waɗannan ta zo da hajarta, ta kuma zo da tukunyarta, kuma abin da ta dafa a gidanta bai daɗe ba ya tsallaka katanga ya shiga gidan maƙwabta.

Harshenmu ma shaida ne wanda ba ya karɓar toshiya. Alkama da albasa da sukari da lemo da kanumfari da inabi da zabibi da zaitun duk sunayen Larabci ne da bakinmu ya tauna ya mai da su nasa. Alkaki da ake kai wa gidan amarya a cikin gara, da gurasa wadda yau in aka ambace ta sai a tuna Kano kafin kowane gari, su ma daga gidajen Larabawan nan suka fito. Masara tana ɗauke da sunan Masar, hanyar da ta biyo ta iso mu, alhali kuwa asalinta daga nahiyar Amurka ne, ita da gyaɗa da rogo da barkono da shi kansa tumatir, wanda yau uwargida take ganin miya ba ta yiwuwa sai da shi. Goro, wanda ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai da shi, ba ya tsiro a ƙasar Kano. A da, daga Gwanja fatake suke ɗauko shi a kan jakuna, tafiyar watanni. Gishiri Buzaye suke kawo shi a kan raƙuma daga Bilma, kanwa daga wajen Barno. Saboda haka miyar da muke kira ta gargajiya, in aka warware ta, taron ƙasashe ce.

Baƙin da suka zo suka ga Kurmi da idonsu sun bar mana bayani mai fa'ida. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shigo Kano a 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, ya yi mamakin tsarin kasuwar fiye da yadda ya yi mamakin yawan kayanta: kowace haja da layinta, Sarkin Kasuwa yana kula da rumfuna, mai sayarwa yana mayar wa mai saye wani ɗan abu daga cikin kuɗin don neman albarka, kuma in aka sayi tufa aka tafi da ita wani gari mai nisa aka tarar da aibi, ana dawo da ita, domin sunan dillali yana rubuce a cikin ƙunshin, kuma dole ya nemo mai kaya a mayar da kuɗi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851 zamanin Sarki Usman, ya lissafa abin da ayari yake ƙetaro Sahara da shi, har da sukari da takarda da allura da yadin Manchesta; bai kuma ɓoye cewa a kasuwar nan ana sayar da bayi ba, abin da ya wajaba mu ma kada mu ɓoye in muna yabon zamanin da. Amma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tufafin da Kanawa suke saƙawa su rina da hannunsu, waɗanda ake kai wa har Tambutu da Gat da Murzuk da Tarabulus, ga kuma fatu da takalma.

A nan ne maganar take. Kakanninmu sun sha shayi da sukarin ƙetare, sun ci dabinon Sahara, amma da aikin hannunsu suka biya: da turkuɗi da kore daga karofi irin na Ƙofar Mata, da jar fata daga majema. Ko da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, kamfanonin Turawa irin su John Holt da G.B. Ollivant suka buɗe kantuna a wajen ganuwa, Kwarori suka kafa nasu a Fagge, aka fara ganin madarar gwangwani da biskit da sabulu mai ƙamshi, har a lokacin ma akwai abin da muke bayarwa a madadi, watau gyaɗa da auduga da ƙiraga, kuma dalar gyaɗar da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka tara ita ce ta riƙa biyan kuɗin abin da jirgi yake saukewa. Yau dalar gyaɗa sai a hoto, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa galibinsu sun rufe, kuma gwangwanin da ke kan kantar lungunmu da dalar Amurka ake sayo shi, wadda ƙasa take samu daga man fetur ɗin da ba mu muke haƙowa ba.

Kowa ya ɗanɗana sakamakon haka. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma take bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Mai shagonmu bai taɓa riƙe dala a hannunsa ba, amma sai da ya kai ga ba ya iya faɗin kuɗin katan ɗin taliya da safe sai ya buga waya Singa ya ji yadda aka kwana. A watan Fabrairun 2024 mata masu yin gurasa a cikin birni suka fito kan titi suna kukan tsadar fulawa, kuma duk wanda ya san kunyar matan birni ya san ba ƙaramin abu ne zai fito da su haka ba. Abincin da ya fi kowanne zama alamar Kano ya wayi gari rayuwarsa tana rataye da alkamar da ake nomawa a wasu nahiyoyi, alhali ƙasar Kadawa da Kura tana ba da alkama da rani in an kula da ita.

Amma babu abin da ya fi ci mini rai irin sha'anin tumatir, domin a nan ne kwandon ƙofar shago da ledar da ke kan kanta suke kallon juna ido da ido. Marigayi Audu Baƙo, gwamnan Kano na farko daga 1967 zuwa 1975, shi ya gina madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, kuma daga gare ta aka ja magudanan da suke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan aiki sadaka ce mai gudana, Allah Ya saka masa. Daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, wanda ya bi hanyar Zariya ya tsaya a Kwanar Gafan zai ga tumatir har iyakar ganinsa, kwanduna jere a bakin titi, tireloli suna lodi zuwa Ikko. A wannan lokaci kaya yakan yi yawa har manomi ya rasa mai taya masa, domin tumatir ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu a jira kasuwa. In ya nuna yau, kwana kaɗan ne tsakaninsa da juji. Wani ya yanka ya shanya a ƙasa ya yi kauɗa, ƙura da tsakuwa suna hawa, wani ya sayar a kan abin da bai biya kuɗin kwando da mota ba, wani kuwa ya bar shi a gona. Wanda aka loda kuma, saboda kwandunan kaba ana ɗora wani a kan wani, na ƙasa yakan matse ya tsiyaye kafin a kai rabin hanya.

Sa'an nan damina ta faɗi, gonakin rani su koma na shinkafa, tumatir ya yi ɓatan dabo, kashin da aka sayar da arha a watan Maris ya koma sai mai hali a watan Yuni. A nan ne uwargida take cewa yarinya ta karɓo na leda, wanda galibi markaɗaɗɗen tumatir ne da aka shigo da shi a cikin manyan ganguna daga Sin, aka zo nan aka ƙulla. Watau mun zubar da namu a watan Maris, mun sayi na wasu da dala a watan Yuni. In wannan ba almubazzaranci ba ne, ban san abin da malamai suke nufi da kalmar ba. An yi yunƙurin gyara, ba a ce ba a yi ba. Kamfanin Ɗangote ya buɗe masana'antar markaɗa tumatir a Kadawa a 2016, sai aka yi rashin sa'a a shekarar tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta auka wa gonaki ta cinye su cikin 'yan makonni, kuma tun daga nan masana'antar ta riƙa aiki tana tsayawa saboda ba ta samun kaya isasshe a kan farashin da zai gamsar da ita da manomi baki ɗaya. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗora haraji mai nauyi a kan markaɗaɗɗen tumatir na waje. Duk da haka ledar tana nan a kan kanta, domin haraji ba ya gina ɗakin sanyi, ba ya kuma kawo wutar lantarkin da za ta riƙe shi.

Shinkafa ta nuna cewa abin ba gagara ya yi ba. Da aka rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020, jama'a sun sha wuya ƙwarai, kuma ba zan ce tsadar da ta biyo baya ƙaramar musiba ce ba. Amma a cikin shekarun nan injinan casa suka yawaita a Kano, 'yar gida ta rabu da tsakuwar da ta sa ake gudunta, har ta kai mai shagonmu yana sayar da buhu da yawa nata kafin ya sayar da ɗaya na 'yar waje. Daddawa kuwa, wadda mata suke dafa kalwa su rufe ta kwanaki har ta nuna, tana nan a cikin wata roba a lungun kanta, dunƙulen ɗanɗano ya ture ta daga gaba. Amma na lura duk gidan da ke da tsohuwa ba a aiko yaro sai an ce ya haɗo da ita, kuma miyar kuka da ba ta ji daddawa ba, ko an zuba mata dunƙule goma, marainiya ce.

Bari in koma kan littafin nan. Galibin matan cikin birni ba sa fita cefane da kansu, yara ake aika, kuma yaro ba ya taya kaya, ba ya duba mudu, ba ya karanta ranar da wa'adin gwangwani zai ƙare. Saboda haka cinikin unguwa gaba ɗayansa a kan amana yake tsaye: uwargida tana cikin gida ba ta ga kaya ba, ta dogara ga cewa mutumin da ke bakin lungu zai zaɓa mata kamar yadda zai zaɓa wa iyalinsa. Shi kuma yana ba da bashi babu shaida babu jingina, ya rubuta a littafi, ya jira ƙarshen wata ko ranar da maigida ya samu. A farkon 2023, bayan da aka canza fasalin naira takardun kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, mutane suna kwana a layin banki, tiransifa kuma tana maƙalewa, littafin nan ne ya ciyar da lungunmu. Na ga magidanta masu rufin asiri, waɗanda ba su taɓa cin bashin ko ashana ba, sun zo da dare sun yi magana ƙasa-ƙasa, an auna musu, kuma har yau ban ji mai shagon ya ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ya zauna gaban malami a zauren Madabo ko wani zaure na birni ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya wuce ta babin ciniki, inda aka haramta algus da yaudara da ɓoye aibin kaya da cakuɗa mai kyau da maras kyau. Yaran makarantar allo kuma tun suna ƙanana suke haddace Suratul Muɗaffifina, wadda ta yi narko mai tsanani ga masu tauye mudu. Kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a cikin tarin ya ji danshi a ƙasa alhali saman busasshe ne, ya kuwa tsawatar masa. Ban taɓa ganin an juye kwandon tumatir an tarar da manya a sama da ruɓaɓɓu a ƙasa ba face na tuna wannan ƙissa, kuma abin baƙin ciki, a manyan kasuwanninmu na sari wannan ya zama kamar al'ada, har mai saye yana sa shi a cikin lissafi tun kafin ya taya.

Ba zan ce duk masu shagunan unguwa salihai ba ne. Akwai mai bubbuga gindin gwangwanin awo ya shige ciki, akwai mai haɗa tsohuwar shinkafa da sabuwa, akwai mai sayo kayan da wa'adinsu ya kusa ƙarewa da arha ya jera su a gaba, yana sane cewa yara ne masu saye. Kayan ƙetare sun zo da wata sabuwar mas'ala wadda magabata ba su fuskanta ba, domin hatsi ana gani, ana taɓawa, ana shinshinawa, gwangwani kuwa a rufe yake, kuma rubutun jikinsa sau da yawa da harshen da mai saye da mai sayarwa duka ba sa ji. Aikin da muhtasibi yake yi a biranen Musulunci na da, na duba ma'auni da ingancin kaya, yau a wannan fanni yana wuyan hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Amma ma'aikatanta ba za su iya shiga kowane lungu ba, don haka lambar hukumar da ranar ƙarewar wa'adi su ne ƙaramin abin da ya wajaba kowane magidanci ya koya wa 'ya'yansa dubawa, kamar yadda yake koya musu ƙirga canji.

An yi zaton manyan kantunan zamani za su shafe irin waɗannan shaguna. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a kan titin gidan Zoo a 2014, jama'a sun yi ta tururuwa, wasu don saye, da yawa don kallo, kuma lalle akwai abin koyi a wurin: tsabta, da sanyi, da farashi a rubuce wanda bai san babba ko yaro ba. Amma a farkon 2024 Shoprite ta rufe reshenta na can, shagon bakin lungunmu kuwa ko kwana ɗaya bai rufe ba. Dalili a fili yake. Mai samun na yau ya ci yau ba ya sayen katan, cokali biyu na madara yake so a ƙulla masa a leda, da sukari na shayi ɗaya, da man gyaɗa ludayi guda. Kuma babu na'urar karɓar kuɗi a duniya da za ta tambayi jikin Innarsa, balle ta rubuta masa sai Baffa ya dawo.

Ba na kiran kowa ya ƙaurace wa dabinon Madina ko man zaitun, domin halal ne, kuma garin da Kurmi take tsakiyarsa ba zai rufe ƙofa ga kayan baƙi ba. Kirana ga gwamnatin jiha da attajiranmu, waɗanda Allah Ya hore wa abin da za su iya, shi ne su gina ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a 'Yankaba da Kwanar Gafan da 'Yan Lemo, su taimaka wa manoma da akwatunan roba a maimakon kwandon kaba, su kafa wuraren busar da tumatir masu tsabta a ƙauyukan Kura da Garun Malam, domin abin da aka noma da ruwan Tiga a watan Maris ya kai mu watan Yuli. Su kuma masu unguwanni da limamai su riƙa tuna wa 'yan kasuwa hukuncin mudu a huɗuba da wajen taro. Kai kuma mai karatu, in ka tashi ba da kuɗin cefane gobe, ka ce a fara duba abin da ke cikin kwandon ƙofar shago kafin a miƙa hannu kan kanta. In kuwa sunan gidanka yana cikin littafin mai shago, ka daure ka je ka biya kafin azumi ya kama, domin da kuɗin nan ne zai tafi 'Yankaba da asuba ya saro wa unguwa kayan miya.